Ranar da Aka Shanya Kyamarar Filibus

Ku masu gyaran waya da kuka kewaye ni da rumfunanku, ba ranar da ɗayanku ba ya leƙowa ya ce, "Bappa Sali, wai me ake gyarawa a kyamarar da ko batir ba ta da shi?" Sai ku kwashe da dariya. Ba na jin haushi, don ina ganin irin naku gyaran: a ɓalle gilashi, a manna sabo, a goge da gefen riga, an gama. Mu a zamaninmu babu sabon da za a manna. Abin da ya lalace shi za ka zauna da shi har ya yarda, in kuma ya ƙi, to ya ƙi ke nan. Tunda yau an ɗauke wuta kun rasa abin yi, ku matso in ba ku labarin labule.

Labule nake cewa, kuma na ƙyalle ne na gaske. A cikin kyamarar fim, tsakanin gilashin gaba da fim ɗin, akwai baƙaƙen ƙyallaye biyu, kowanne bai wuce faɗin kwalin ashana ba. Siliki ne aka shafe da roba don kada haske ya ratsa. In ka danna, na farko ya ruga ya buɗe, na biyu ya bi bayansa ya rufe, duk kafin ka ƙifta ido. Ɗan hasken da ya samu ya wuce a tsakaninsu, shi ne hoto. Sauran lokaci kuwa aikin labule ɗaya ne, ya tsare fim a cikin duhu.

Na koyi aikin ne a hannun Mista Gayus, mutumin wajen Numan, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne a bakin babbar kasuwar Jimeta. Lokacin muna jihar Gongola. Kullum da sassafe nake taho keke daga Mbamba, in share rumfa, in jera masa kayan aiki a kan farin ƙyalle: ƙananan sukudireba, hantsaki, tocila, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da gashin kaza na shafa mai. Na daɗe aikina bai wuce riƙe tocila da neman notin da ya faɗi a ƙasa ba. Mista Gayus zai iya yafe maka ka ɓatar da noti, amma ba ya yafe wa wanda ya ajiye kyamara babu murfi a gilashinta. Wata rana da bazara ya fitar da ni tsakiyar rana, ya kwance gilashin wata kyamara, ya riƙe shi a kan guntun baƙin ƙyalle. Ban gama gyara tsayuwa ba na ga hayaƙi. Ya ɗaga ƙyallen ya nuna min hujin, ya ce, "Sali, ranan Yola ba ya wasa. Gilashi kuma bai san cewa labulen gidansu ne yake ƙonewa ba."

Kyamarori iri biyu ne suke zuwa mana. Akwai masu madubi a ciki, su madubin yana tare rana ya kauce da ita. Akwai kuma marasa madubi, yawancinsu 'yan Rasha, masu nauyi da arha, waɗanda babu komai tsakanin gilashinsu da labule. Irin su masu yawon ɗaukar hoto suka fi riƙewa. Ka ajiye irin wannan tana kallon sama da tsakar rana, kafin ka sha ruwa ka dawo an gama da kai. Abin takaicin shi ne huji ba ya ƙara. Za ka danna ka ji ƙas ɗin nan mai daɗi, ka yi ta aiki da ita, ba za ka sani ba sai ranar da ka wanke fim.

Kyamarar Filibus ta fara zuwa hannuna ne cike da yashin bakin kogi, bayan Mista Gayus ya tsufa ya bar min rumfa. Filibus mutumin wajen Ganye ne, gajere mai yawan surutu, yana yawo a keke daga Jimeta har cikin Yola yana ɗaukar hoton biki da suna da 'yan makaranta. Ranar Kirsimeti yana bakin coci, ranar Sallah yana bakin masallacin idi, kowa nasa ne. Hannunsa yana da kyau, ban taɓa ganin ya yanke wa mutum kai ko ƙafa a hoto ba. Amma yana da halaye biyu da muka yi ta faɗa a kansu. Na farko, murfin gilashinsa ya ɓace tun ban san shi ba, kuma duk wanda na ba shi sai ya bi sahun na farko. Na biyu, in ya ɗauki hoto ba ya murɗa fim ya wuce gaba, sai lokacin da zai ɗauki wani. Haka ogansa ya koya masa, wai in ka bar kyamara a murɗe sifirin ɗin da ke jan labule yana gajiya. Yawancin masu hoton garin nan haka aka koya musu, kuma a kyamara mai lafiya ba laifi ba ne.

Sai shekarar da kogin Binuwai ya cika ya shigo wa mutane gida. Ku ba ku san irin danshin da ke biyo bayan ruwa ba. Bango yana gumi, takalmi yana fitar da fumfuna, littafi yana kumbura. Gilashin kyamara ma fumfuna take kamawa daga ciki, ka ga zare-zare kamar saƙar gizo. Mu kuwa mutanen nan maganinmu ga duk abin da ya jiƙe ɗaya ne, shanya. Masara a shanya, katifa a shanya, takardar makaranta a shanya, kifi a shanya. Kuma gaskiya ne rana tana kashe fumfuna, amma sai a kwance gilashin a shanya shi shi kaɗai. Wa zai tsaya yin wannan a gidan da ruwa ya kai gwiwa? Da rana ta fito, sai kowa ya ɗora kyamararsa a kan kwano ko a kan turmi, idonta a sama, don ta sha rana da kyau.

A wannan shekarar na ga labulen da ban taɓa gani ba. In buɗe bayan kyamara, in haska tocila ta gaba, in ga huji kamar zanin da tartsatsin wuta ya faɗa wa. Ƙyallen canji kuma babu, hanya ta lalace, ba abin da ke zuwa daga Kano. Ƙaramin huji nakan cike shi da gam ɗin masu faci da na dama da baƙin hayaƙin fitila, in ɗiga da bakin allura, in bar shi ya bushe. In ka cika gam labule ya yi nauyi, ya riƙa jan ƙafa, rabin hoto ya fito da duhu. Babban huji kuwa sai in yanka baƙar lema in yi sabon labule, wanda na san ba zai kai wata damina ba. Mutane da yawa a shekarar suka bar sana'ar hoto, wasu suka koma gona, wasu suka shiga kabukabu.

Gidan Filibus yana gangaren kogi, ruwa ya shiga har ɗakin da yake wanke hoto. Ranar da aka samu rana yana can yana taya maƙwabta ɗaga bango, matarsa Rifkatu ta fitar da komai waje. Kyamarar ta goge ta da tsumma mai tsabta, ta shimfiɗa mata ɗankwali a kan turmi, ta ɗora ta a inda rana ta fi ƙarfi, don ta san da ita suke ci. Da ya dawo ya same ta da zafi, ya danna ya ji ƙas, ya ce lafiyarta lau.

A cikin kwanakin nan ne Malama Aisatu ta aika a kira shi unguwar Makama, a cikin Yola. Malama Aisatu malamar firamare ce a Jimeta, autar wani modibbo, wato babban malami, na cikin Yola. Modibbon nan tun yana saurayi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ita kuwa mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kuma ta gaya min da bakinta cewa duk yadda ta rufe ido ta nemi fuskar uwarta, ba ta samunta. Tana tuna zaninta, tana tuna ƙamshin turarenta, amma fuska babu. Da ciwo ya kwantar da tsohon, tsoro ya kama ta kada shi ma ya ɓace mata haka. Ta yi ta roƙonsa, yana kawar da kai, har ranar da ya ce mata, "Aisa, sau ɗaya. Don ke kaɗai."

Da hantsi aka fito da shi ƙofar zaure, aka zaunar da shi a kan buzu, farar riga da rawani, bayansa bango mai farar ƙasa. Filibus ya san nauyin aikin, don haka ya ce fim guda zai ƙarar a kansa, ko ɗaya ya ƙi wani zai yi. Ya saita fuskar tsohon a tsakiya, ya danna. Sai ya saki kyamarar a ƙirjinsa, babu murfi, bai murɗa ba, ya je ya gyara wa Modibbo rawani, ya tsaya yana ba 'ya'yan gidan dariya. Duk wannan lokacin hoton da ya ɗauka yana zaune a bayan labulen da rana ta huda, hasken farin bango yana zuba masa ta hujin. Ya dawo ya murɗa, ya sake dannawa, ya sake tsayawa surutu. Haka har fim ya ƙare, aka mai da tsohon ciki.

Da a lokacin lafiya ne, da yamma zai wanke fim ya ga ɓarnar, washegari ya ari kyamara ya koma. Amma ɗakin duhunsa bai bushe ba, maganin wanki ya lalace, takarda ta manne da juna. Ya sa fim ɗin a gwangwani yana jiran kaya. Kafin kayan su iso, Modibbo ya rasu.

Ban manta shigowar Filibus rumfar nan ba. Bai jingine kekensa ba, sakin shi ya yi ya faɗi. Ya zube min hotuna a kan tebur. Kowanne ga rawani, ga riga har zaren ɗinkinta ana gani, ga hannaye riƙe da carbi, ga bango. A inda fuska take kuwa sai wani farin dunƙule mai yaɗuwa, tun daga goshi har gemu.

Ya ce, "Sali, ka ce min magani ne. Ka ce min sabon maganin nan ne ba shi da kyau."

Na ce, "Magani ba ya zaɓen wuri ɗaya a kowane hoto. Ba ni kyamarar."

Na buɗe bayanta na ɗaga ta wajen ƙofa. Huji ɗaya ne tak, a tsakiyar labule na biyu, bai fi ƙwayar gero ba. Na miƙa masa ya duba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan benci ya ce, "Matana ne ya shanya shi. Kada ka gaya mishi, Sali. Taimakona yake yi." Ban gaya mata ba, shi ma har ya mutu bai gaya mata ba.

Ya ɗauki hotunan ya kai Makama yana jiran zagi, sai abin ya juya ta inda bai zata ba. Babban ɗan marigayin, Hamma Umaru, wato Yaya Umaru, da ya gani sai hawaye. Ya ce haske ne Allah ya lulluɓe fuskar bawansa da shi, mutumin da bai taɓa son hoto ba. Aka sa ɗaya a gilashi aka rataye a zaure, masu zuwa gaisuwa suna tsayawa suna kallo. Ban ga laifin Hamma Umaru ba, mutum ne da ya rasa uba ya samu abin da zai riƙe. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban kai kaina ba.

Malama Aisatu ce ta zo. Ta tsaya a nan inda kuke tsaye, da hoto ɗaya a naɗe cikin hankici. Ta ce, "Hamma Sali, an ce kai ne ka buɗe kyamarar. Ni ba haske na roƙa ba, fuskar Baaba na roƙa. Ka gaya min gaskiya, mene ne wannan?"

Na ɗauko kyamarar na nuna mata yadda za ta riƙe ta wajen ƙofa. Ta sa ido, ta ga ɗigon hasken. Ta ce, "Wannan ɗan abin ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "To fuskar tana ƙarƙashin farin? Za a iya kankare shi?"

Mun gwada, don kada ta ce ba mu gwada ba. Ni da Filibus muka shiga ɗakin duhu da fim ɗin. A fim wurin fuskar baƙi ne ƙirin, sai muka rufe sauran hoton da kwali muka bar fitila ta daɗe a kan wurin, ko wani abu zai ratso. Abin da ya fito toka-toka ne kamar bayan tukunya, babu ido, babu baki. Muka bi fim ɗin gaba ɗaya, ko za mu samu guda da ya murɗa da wuri. Babu ko ɗaya.

Daga ƙarshe Filibus ya yi abin da masu hoto kan yi a lokacin. Ya samo hoton Hamma Umaru, wanda aka ce shi ya fi kama da uban, ya zauna da fensir mai tsini ya zana fuska a kan farin. Ya yi kwanaki a kai, kuma aikin ya yi kyau. Malama Aisatu kallo ɗaya ta yi masa ta ture. Ta ce, "Hancin Baaba ba haka yake ba. Idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta. Kuma yana da tabo a nan." Ta taɓa gefen goshinta. Ta faɗe su a jere, ba ta ko tsaya tunani ba. Ta naɗe nata mai farin a hankici, ta yi mana godiya, ta tafi. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji tausayin Filibus, don tun daga ranar surutunsa ya ragu.

Na gyara masa kyamarar. Ban yi mata faci ba, na jira har ƙyalle na gaske ya zo, na yanka, na naɗa a kan sandunansa, na daidaita gudun labulen biyu da kunne yadda Mista Gayus ya koya min. Na ɗaura mata murfi da zare don kada ya ɓace. Filibus bai zo ya karɓa ba. Ya ce in ajiye masa, ya sayi mai madubi ya ɗan ƙara shekaru da ita, sannan hoto mai kala da manyan injuna suka zo suka kore mu duka. Ga ta can a ƙasan akwati, lafiyarta lau, ba ta sake ɗaukar kowa ba.

Bara da rani keke napep ya tsaya a bakin rumfar nan, wata budurwa ta fito ta riƙo hannun wata tsohuwa. Ban gane ta ba sai da ta ce, "Hamma Sali, kana nan?" Malama Aisatu ce, ta yi ritaya tuntuni, da jikarta mai karatu a jami'a. Yarinyar ta gaishe ni da ladabi, ta ciro waya irin taku. Ta ce ta ɗauki tsohon hoton da wayar, ta sa shi a wata manhaja mai gyaran hotuna, nan take ta cike wurin farin. Ta nuna min. Ga dattijo mai farin gemu, ido biyu daidai wa daida, goshi sumul, cikin rawanin Modibbo da rigarsa. Abin da ya ci wa Filibus kwanaki, yarinyar ko zama ba ta yi ba ta gama shi.

Ta nuna tsohuwar ta ce, "Bappa, na ce wa Dada ga kakanmu ya fito, amma ta ƙi cewa komai. Ta ce sai mun zo wurinka."

Tsohuwar ta karɓi wayar ta kai ta kusa da idonta, ta nisanta ta, ta sake kawo ta kusa. Ina jira in ji ta ce hancin ba haka yake ba. Ina jira ta taɓa gefen goshinta. Ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Hamma Sali, kai ma ka sha ganinsa a masallacin Juma'a. Shi ne?"

Na duba iyakar dubawata. Na tuna rawani, na tuna yadda yake tafiya a hankali da sanda, amma fuska ban samu ba. Na ce, "Malama, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba."

 Sai ta miƙa wa jikarta wayar ta ce, "Goge shi, kada in saba da wannan fuskar." Ta kwance hankicinta ta fito da tsohon hoton, takardar ta yi ja, farin yana nan inda yake. Ta shafa hannayen da ke riƙe da carbi da ɗan yatsanta.

Ta ce, "Wannan dai na san shi ne ya zauna."

Ta naɗe shi, jikarta ta kama ta suka koma cikin keken.